Gas ɗin AC ba ya zama a motata, tiyo ne ko me?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Corolla ce gare ni 'yar 2006, ina Kano. Tun da bazara ta shigo AC yake wasa da ni. A zuba gas ya yi sanyi, kafin wata ya zagayo sai hucin zafi. Mai gyaran nawa kullum maganarsa ɗaya: "Alhaji, a ƙara gas." Jiya na ɗaga bonet na ga baƙin tiyon da ya fito daga kwamfuresa ya yi maiƙo, ƙura ta manne daidai inda roba ta haɗu da ƙarfe. Shi ne matsalar? Kuma in an ɗaure shi da robar tayar keke zai riƙe?

Mai AC Kaduna:
Wa alaikumus salam Alhaji. Gas ɗin AC ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa, zagayawa kawai yake. In ya ragu, to akwai inda yake fita. Maiƙon nan man kwamfuresa ne, tare suke tafiya da gas, shi ya sa yake tona asirin wurin yoyo. A wanke wurin, a cika layin da naitirojin, a shafa kumfar Omo a bakin maƙalar. In ya yi ƙwai-ƙwai, an kama ɓarawo. A duba har ƙananan zobban roba na mahaɗa, sau da yawa su ne suke bushewa, tiyon lafiyarsa ƙalau.

Maganar robar taya ka bar ta. In tiyon da ke zuwa kondensa ne (mai huce gas ɗin, a gaban lagireto), a zafin Kano matsinsa yana iya wuce psi 200, ga shi da zafi. Ko dai a sa sabo, ko a yanke robar a matse wata da injin matsewa a kan ƙarafan naka. Bayan nan a sa famfon zuƙe iska aƙalla minti 30, a kashe a ga ko allurar geji za ta motsa. Nan ne yaranmu suke ha'inci, don aikin na cin lokaci. Iska da danshi in sun zauna a ciki, sanyin ba zai kai ba. Ni nakan canja diraya ma, wato abin da ke tsotse danshin cikin layin. Kuma ka daina kunna shi haka, man na tsiyayewa, kwamfuresa ce za ta bi baya, kuɗinta kuwa ba na tiyo ba ne.

Direban Katsina:
Oga ya faɗi gaskiya, amma ni matsewar nan ba ta kwanta min ba, sai a hannun wanda ya iya. Ka je kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon tiyon a hannunka, ka nemi na Kwatano. Ka lanƙwasa shi ka duba, in robar ta yi tsaga-tsaga ka ajiye musu kayansu.

Malam Injiniya:
Motarka gas ɗin R134a take sha, nauyin da za a zuba yana rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Ka ce a auna da sikeli, ba da taɓa bututu ba. Ka ga gwangwanin da idonka, don akwai jabu, wani ma yana kama wuta.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Oga Mai AC, in babu naitirojin a garejin, iskar mai faci za ta yi?

Mai AC Kaduna:
A'a Alhaji, ruwa ne a cikinta. Canja gareji.