Neman shawara: koyar da juyin halitta a makarantar gwamnati a Amurka

Mai tambaya: Assalamu alaikum. An ɗauke ni koyar da bayoloji a sakandaren gwamnati a jihar Pensilbaniya. Wasu iyaye suna so in haɗa darasin juyin halitta (yadda halittu ke sauyawa daga tsara zuwa tsara) da ra'ayin da ke cewa tsarin halittu ya nuna akwai wanda ya tsara su. Ni Musulmi ne, zuciyata na tare da su. Doka ta yarda?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam Malam. Ba ta yarda ba, kuma a jiharka aka yi shari'ar. A 2004 hukumar makarantun garin Dover ta sa a riƙa karanta wa ɗalibai sanarwa mai nuna ra'ayin a matsayin madadin ka'idar Darwin ta juyin halitta. Iyaye suka kai ƙara. A Disambar 2005 alƙali John Jones ya yanke cewa ra'ayin addini ne, ba kimiyya ba, saka shi a ajin kimiyya ya saɓa wa gyaran farko na tsarin mulki, wanda ya hana gwamnati ɗaukaka wani addini. Hukumar ta biya sama da dala miliyan 1. Tun 1987 ma Kotun Ƙoli ta soke dokar Luwiziyana da ta wajabta koyar da ɓangarorin biyu. Duk buƙatar iyaye, ka ce su rubuta, ka miƙa wa shugaban makaranta. Kada ka raba wata takarda da ba ta cikin manhaja, nan ne malamai ke rasa aiki.

Amsa ta biyu: Malam, inda darasin ke lalacewa shi ne farawa da asalin ɗan Adam, aji ya rikice tun ranar farko. Fara da abin da ake iya aunawa. Ɗauki sikila: mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ƙwayar S ta yawaita a Yammacin Afirka duk da wahalar da masu SS ke sha. Ka sa su zana jadawalin gado: AS da AS, kowane ciki kashi 25 cikin ɗari SS ne. Daga nan ka wuce zuwa yadda kulorokwin ya daina cin ƙwayar maleriya, sannan ƙasusuwan da aka tono.

Amsa ta uku: Ɗalibi zai tambaye ka, "To ina Allah a ciki?" Kada ka ƙaryata imaninsa, kada kuma ka yi wa'azi. Ce masa ajin nan yana duba abin da gwaji ke iya tabbatarwa ko rusawa, wannan tambayar kuwa ya kai wa iyayensa ko malaminsa na addini. A jarrabawa ka rubuta "bayyana yadda ka'idar ta ce", ban da "shin ka yarda".