Zazzaɓi bayan allurar sati shida: ku ma haka naku ya yi?

Maman Ikram, Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaranjiya na kai ɗiyata rigakafin sati shida, aka yi mata allurai a cinya, aka ɗiga mata magani a baki. Da dare jiki ya yi rau, cinya ta kumbura, ba mu runtsa ba. Inna, uwar maigidana, ta ce kada in ƙara kai ta. Haihuwar fari ce, don Allah wadda ta sani ta faɗa min.

Uwar Biyu, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allurar da ake kira Penta ce, kuma halinta ke nan. Tagwayena sau uku suka yi wannan zazzaɓin, sati 6, sati 10 da sati 14, bai taɓa wuce kwana biyu ba. Cuta biyar take karewa, ciki har da tarin shiƙa, mashaƙo da ciwon hanta. Tsumma mai tsabta nake jiƙawa da ruwan sanyi in ɗora a wurin, in yawaita ba su nono, farasitamol kuwa gwargwadon yadda malamar asibiti ta auna min. Kada ki gasa da ruwan zafi, kada ki murza.

Baban Sadiq, Gwadabawa: Ni na hana a mayar da yarona bayan irin wannan kumburin, ba zan ɓoye ba. Bai samu allurar wata tara ba, wato ta baƙon dauro. Da zafi ya shigo baƙon dauro ya bi unguwa, muka kwana tara a asibiti, har idonsa ya so ya taɓu. Abin da za a yi mana kyauta, sai da na sayar da tunkiya. Yanzu katin ƙannensa a aljihuna yake zama.

Hajiya Kaka, Gidan Igwai: 'Yar nan, kada ki yi jayayya da surukarki, tausayin jikarta ne. Ranar awo ki roƙe ta ta raka ki, ta ji daga bakin malamai. Mu da muka ga sanƙarau na 2017 ba sai an lallashe mu ba.

Malamar awo: Kumburi da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma in yaro ya fara jijjiga, ko numfashi ya yi wuya, ko ya ƙi kama nono, ko kuka ya wuce awa uku ba tsayawa, a garzayo asibiti ko da tsakar dare ne. Ƙurjin BCG (allurar rigakafin tarin fuka) na dantsen hagu a bar shi, da kansa zai fashe ya bar tabo. Ɗigon shan inna na gida-gida kuma ba ya maye gurbin na kati. Baban Sadiq, wanda ya tsallake ba a komawa farko, daga inda ya tsaya ake ɗorawa, ka kawo shi mu duba.

Maman Ikram: Na gode ƙwarai. Yau jikin ya sauka, tana shan nono. Inna ta ce za ta bi ni ranar sati goma, wai ita za ta riƙe ta.