Doki 500 a bakin mai sayarwa, nawa ne a ƙasa?

Ɗan Yantala: Assalamu alaikum ƴan uwa. Na sayo injin Toyota 2JZ daga Kwatano, mai shi ya rantse mini ƙarfin doki 500 gare shi, wai an yi masa aiki a waje. Muka ɗora shi a mota, muka auna mita 402 a wani fili bayan gari inda ba kowa. Sau uku ina samun daƙiƙa 14. Hankalina bai kwanta ba. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan?

Tsohon Makanike: Wa alaikumus salam ƙanena. Agogonka ya gaya maka gaskiya. Motar da ta kai kilo 1,500, in doki 500 ne da gaske kuma tayoyi sun kama ƙasa, wajen daƙiƙa 11 za ta yi. Daƙiƙa 14 kuwa doki 240 ne ko kusa da haka. 2JZ mai turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, ya fito daga kamfani da doki 276 a takarda a Japan, na Amurka 320. Gangar jikinsa ƙarfen zubi ce, tana iya ɗaukar 500, amma sai an canza turbo da injekta masu fesa mai da famfon mai, an kuma sake saita kwamfutar. Buɗe ka duba. In turbo biyun nan na asali ne ke ciki, magana ta ƙare.

Mai Land Cruiser, daga Tawa: Ni abin ya ci ni ta wata hanya. Injina 1HZ ne, dizal, doki wajen 130. Wani gareji suka ɗora mini turbo, ba intakula mai sanyaya iskar turbo, ba agogon auna zafin hayaƙi, suka buɗe famfon mai suka ce yanzu ya ninka. Wata biyu ina jin daɗi. Ran nan a hanyar Ƙonni, cikin zafin Afrilu, ruwa ya fara tafasa. Da aka cire kulas, wato kan injin, na ga tsagewar da idona, siririya kamar gashi, fistan ɗaya kuma bakinsa ya narke. Har yau ina biyan bashin gyaran.

Hajiya Mai Kayan Gyara: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Kullum a shago ina fama da masu nuna mini katin mota suna cewa doki 9 ne. Wancan lissafin haraji ne, ba ƙarfin inji ba.

Tsohon Makanike: Haka ne Hajiya. Sannan lambar da kamfani ke faɗa a jikin inji aka auna ta. Kafin ƙarfin ya ratsa giya ya isa taya, wajen kashi 15 cikin 100 ya tafi. Ga zafinmu: iskar digiri 44 ba ta da nauyin ta sanyin asuba, inji kuma da iska yake ƙona mai. Ga man kwalba na bakin titi, wanda ke sa injin turbo ƙwanƙwasa. Waɗancan motocin tseren Top Fuel na Amurka da yara ke nuna mini a waya, masu doki kusan 11,000, wani mai na musamman da ake kira nitromethane suke sha, kuma bayan kowane gudu na ƙasa da daƙiƙa 4 sai an warware injin an sake haɗa shi.

Ɗan Yantala: Maigida, na buɗe ɗazu bayan la'asar. Turbo biyun na asali ne, ɗayan ma yana zubar da mai. Ranar Asabar zan kawo ta garejinka mu fara auna matsin silinda kafin in sake sayen ko ƙusa ɗaya.