Shawarwari ga mai son rubuta tarihin Reluwe

Mun zauna da wasu tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa kan yadda ɗalibi zai tunkari tarihin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, ga abin da na tsinta.

Kusan bakinsu ya zo ɗaya cewa kada a fara daga 1955, shekarar da aka kafa hukumar. A koma baya: layin Legas ya isa Ibadan a 1901, na Baro (garin da ke bakin Kogin Neja) zuwa Kano ya kammala a 1911, aka haɗe su a 1912. Wani dattijo ya dage cewa wanda bai bi sawun kaya ba bai fahimci komai ba. Gyaɗar Kano, audugar Zariya, kuzar Jos da kwal ɗin Inugu su suka ja dogo inda ya bi, har Kaura Namoda da Nguru. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Sun ce a duba yajin aikin 1945 da rawar da Michael Imoudu, jagoran ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, ya taka, da zuwan Indiyawa a 1979 don gyara harkar gudanarwa. An ɗan yi musu kan ko tituna da manyan motoci ne suka durƙusar da Reluwe ko rashin kulawa.

Takardu suna ma'ajiyar tarihi ta Kaduna. Amma shawarar da ta fi taɓa ni ita ce a gaggauta ɗaukar muryar tsofaffin direbobi da masu juya layi, waɗanda har yanzu suke ajiye da katin aikinsu a ƙasan akwati.