Neman kalma: "late effects" a shirin lafiya na ranar Laraba

Malama Binta, Ringim: Assalamu alaikum. Laraba za mu ɗauki shirin rediyo kan yaran da aka yi wa maganin ƙari a ƙwaƙwalwa suka tashi. "Late effects" ta tsaya mini a wuya, kuma masu saurarenmu mutanen karkara ne. Ni dai "ragowar ciwo" na rubuta.

Sista Hauwa: Malama, goge ta. Uwa na jin "ragowa" za ta ce ƙarin ne bai fita duka ba. Abin da ake nufi daban ne: matsalolin da ke bayyana daga baya, bayan an gama jinya. An gasa wa yaro ƙwaƙwalwa da laka da hasken na'urar asibiti (radiotherapy), an sallame shi, sai bayan shekaru a ga ƙannensa sun kere shi tsawo, domin gashin ya taɓa ƙullin da ke fitar da sinadarin girma. Maganin ƙari mai suna cisplatin kuma ji yake ci, siraran sautuka ke fara tafiya, a makaranta a ce ba ya jin magana, alhali kunnen ne. Gashin kan taɓa karatu ma: wanda ya iya bai ɓace ba, sabo ne ke masa nauyin shiga. Shi ya sa ake gudun gashi ga yaron da bai kai shekara 3 ba.

Malam Sule, Gumel: "Wutsiyar ciwo". Ciwo ya wuce, wutsiyarsa na jan ƙasa. Ko tsohuwa a bakin rijiya za ta gane.

Likita Nura: Baba Malam, da daɗin ji, amma ta ɗora wa ciwon laifi shi kaɗai. Kaso mai yawa daga maganin ne. Gashi ma kan haifar da wani sabon ƙari a fatar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa bayan shekara 10 ko 20. Na fi son "illar bayan jinya".

Malam Sule: Illa Larabci ce. Ku 'yan boko kullum sai aro.

Sista Hauwa: Lafiya ma Larabci ce, Baba, a daina gaisuwa ke nan?

Malam Sule: Da wani farfesa ne a Bayero ya ce wutsiya, da tuni kun sa ta a ƙamus. Don ta fito daga Gumel ne.

Likita Nura: Ba zancen gari ba ne. Abu ɗaya dai, Malama, kada ki ce "illar magani", iyaye za su gudu daga asibiti. Ki kuma faɗi abin yi: a riƙa auna tsawo da nauyi duk zuwa, a gwada ji da gani, a duba jini don maƙoƙo, a zaunar da yaro a layin gaba a aji, a ƙara masa lokaci a jarrabawa. Amai da safe da ciwon kai, musamman ga mai robar janye ruwan kai, asibiti ne a ranar.

Malama Binta: Na ɗauki "illar bayan jinya". Wutsiyar zan sako ta sau ɗaya wajen bayani.

Malam Sule: Sau ɗaya? To. Ki dai saurari masu bugo waya, ki ji wadda za su maimaita.