Kifin salmon mai hayaƙi da dankalin turawa: wa ke da dabara?

Amaryar Gilasgo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, sannunku da gida. Don Allah taimako nake nema. Maigida ya shigo da kifin salmon mai hayaƙi leda biyu, wai an karya kuɗinsa a kanti nan Gilasgo, birnin Sikotlan a Birtaniya. Ɗaya an yanka shi fale-fale, ja ne mai santsi, sai ka ce ɗanye. Ɗayan gunduwa ce mai kauri, bayanta ya yi duhu. Ina da dankalin turawa a gida. So nake in yi fate irin na gida, in zuba su a madadin banda. Zai yiwu kuwa?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam Amarya. Kafin ki ɗora tukunya, ki raba su, don ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Mai fale-falen nan gishiri aka shafe shi da shi, sannan aka bar shi cikin hayaƙi mai sanyi da zafinsa bai wuce digiri 30 ba. Wato wuta ba ta taɓa shi ba, gishiri da hayaƙi ne kawai suka yi masa aiki. Ita kuwa gunduwar, a hayaƙi mai zafi aka gasa ta, wajen digiri 70 zuwa 80, ta nuna sarai. Ki taɓa ta da cokali mai yatsu za ki ga tana ɓarewa sala-sala. In dai fate za ki yi, gunduwar za ki ɗauka. Mai fale-falen ki ajiye shi, akwai aikinsa.

'Yar Jos: Hajiya ta faɗi gaskiya. Sannan ki cire banda a ranki gaba ɗaya. Bandar tarwaɗa ta bushe ƙayau, sai an jiƙa ta da ruwan zafi an wanke, kuma ko ta daɗe a tukunya ƙara daɗi take. Wannan kifin mai ne da shi, ga laushi. Kika sa shi tun farko, kafin dankali ya nuna ya dagargaje, ki neme shi ki rasa, sai ƙarni ya cika miki gida.

Ga yadda nake yi. Ki soya albasa da attaruhu da ɗan tattasai a mai kaɗan, kaɗan fa, don kifin zai saki nasa. Ki tsaida ruwa, ki zuba dankalin da kika yanka ƙanana, ki sa citta da tafarnuwa. Idan ya nuna ya fara kauri, ki zuba alayyahu. Sai kin rage wuta sannan ki ɓare kifin manya-manya ki ɗora a sama, ki rufe minti uku zuwa biyar. Kada ki juya da ƙarfi, ki ɗan girgiza tukunyar kawai.

Amaryar Gilasgo: Anti, manja ko man gyaɗa?

'Yar Jos: Man gyaɗa. Manja yana danne ƙamshin hayaƙin, kin yi asarar kuɗin kifi ke nan.

Maman 'Yan Biyu: A nan kam ban yarda ba, Anti. Ni da manja nake yi, cokali biyu, kuma yarana har tanɗe kwano suke. Fate ba manja ai sunansa dafaffen dankali.

'Yar Jos: To Maman 'Yan Biyu, in manja za ki sa, ki sayi titus mai hayaƙi mana. Yana nan kusa da salmon ɗin a firij na kanti, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma shi ne ke iya ja da manja da daddawa.

Maman 'Yan Biyu: Titus ɗin ma ina saya. Amma wanda aka kawo wa Amarya fa ake magana. 😄

Hajiya Babba: Ku bar faɗan manja, kowa da bakinsa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne gishiri. Giram 100 na mai fale-falen nan yana ɗauke da gishiri kusan giram 3, alhali likitocin Birtaniya giram 6 suka ce kada babba ya wuce a yini. Don haka Amarya, kada ki sa gishiri, dunƙule ma rabi ya isa, sai kin zuba kifi kin ɗanɗana sannan ki ga ko da saura. Hikimar haɗa shi da dankali ke nan tun asali. Dankali lami ne, yana shanye gishirin da man, sai ɗan kifi kaɗan ya ƙosar da gida guda.

Ɗiyar Damagaram: Salamu alaikum, yanzu na taso daga aiki na tarar da zance ya yi nisa. Ƙanwata, mai fale-falen nan ki ba ni shi, ni na san gidansa. A nan Suwidin akwai wani abinci da suke kira laxpudding, tsohon girkin gida ne, asali da kifi mai gishiri ake yi, amma da mai hayaƙi ma ana yi kuma ni shi na fi so.

Dankali kilo guda, ki dafa shi da ɓawonsa ya kusa nuna, kada ya yi luguf. Ki bari ya huce sosai, ki ɓare, ki yanka shi faifai-faifai. Ki soya albasa babba guda a bota ta yi laushi, ba ta yi ja ba. Ki shafa bota a mazubin gashi, ki jera dankali a ƙasa, ki bi da albasa, ki shimfiɗa kifi, ki barbaɗa ganyen dil (wani ganye ne mai ƙamshi), ki sake jera dankali. Haka har kayan su ƙare, amma dankali ne zai zama na ƙarshe a sama, don ya rufe kifin kada ya bushe. Kifi giram 300 ya isa. Sai ki kaɗa ƙwai uku ko huɗu da madara kamar mil 400, ki sa masoro, ki tsiyaya a kai har ya kusa shan kan dankalin. Oben digiri 180, minti 40 ko sama da haka kaɗan. Ki soka wuƙa a tsakiya, in ba ruwan ƙwai ya biyo ta, ya yi.

Kada ki yanka da zafinsa, ki ba shi minti goma ya kama jikinsa. Su narkakken bota suke zubawa a kai. Ni kuwa yaji nake barbaɗawa, kuma maƙwabciyata Basuwidiya tun da ta ɗanɗana take aiko ɗanta karɓar yaji.

Maman 'Yan Biyu: Ganyen dil ɗin nan ni warinsa hawa mini kai yake. Ba abin da zai maye gurbinsa?

Ɗiyar Damagaram: Ki sa lawashi, Yaya. Ɗanɗanon zai canza amma ba zai ɓaci ba. Ki matsa lemon tsami a faranti lokacin ci, shi ke kashe ƙarni.

'Yar Jos: Wani abu da ba a taɓo ba: wane irin dankali ne a hannunki, Amarya? A gida dankalin Bokkos da Mangu muke saya a kwando, ba mai tambayar sunansa. A nan kuwa sai kin duba leda. Maris Piper da King Edward masu gari ne, suna fashewa in sun dahu, su ne na fate da na dakawa. Charlotte kuma ƙulli ne da shi, yana riƙe jikinsa, shi ya dace da jerin da Ɗiyar Damagaram ta bayyana. Kika yi jeri da King Edward dafaffe, wajen yanka zai marmashe miki a hannu.

Amaryar Gilasgo: Na duba, Maris Piper ne Anti.

Ɗiyar Damagaram: Ba matsala. Kada ki dafa shi ya nuna, ki tafasa shi minti goma kawai ki sauke, ki ƙara masa lokaci a oben.

Ɗalibin Bergen: Iyaye mata a yi mini afuwa in sa baki, gwauro ma yana girki. Nan Norwe ai gidan kifin ne, su ne kan gaba a duniya wajen kiwon salmon, a keji cikin teku suke kiwonsa, amma duk da haka mai hayaƙin ba abincin ɗalibi ba ne kullum. Dabarata ita ce guntattakin da ke saura in an gama yanka masu kyau. Ana ƙulla su a leda daban, kifi ɗaya ne, kuɗin ne ba ɗaya ba. Tunda cikin dankali za su shiga, wa zai ga siffarsu?

Nakan goga ɗanyen dankali a magogin kuɓewa, in zuba a tsumma mai tsabta in matse ruwan tas. Matsewar nan ita ce aikin, in ruwa ya rage ba zai yi ƙarau ba, caɓewa zai yi. In sa masoro da 'yar albasa, in baza a kasko da mai kaɗan, in danna, wuta matsakaiciya, kowane gefe kamar minti takwas zuwa goma. In ya sauka sai in ɗora kifin a sama da cokalin yogot mara suga. Kifin ba ya shiga kasko ko kaɗan, zafin dankalin ya ishe shi.

Hajiya Babba: Ɗana, Allah ya kawo ta gari ka huta da magogi.

Ɗalibin Bergen: Amin Hajiya, a taya mu da addu'a.

Anti Nas: Na karanta duka, kuma girke-girken sun yi. Amma dole in ja birki a kan na ɗanmu na Bergen, saboda zauren nan akwai masu juna biyu, akwai kuma waɗanda iyayensu tsofaffi suka zo musu ziyara. Mai fale-falen nan, tunda ba a dafa shi ba, yana iya ɗaukar ƙwayar cutar listeriya. Abin da ya sa take da haɗari, sanyin firij ba ya hana ta yaɗuwa, firiza ma ba ta kashe ta, kuma ba za ki ji wari ko ki ga alama ba. Mai lafiya ƙalau galibi ba ta yi masa wani abin kirki. Amma ga mai ciki tana iya jawo ɓari ko ta taɓa jariri. A 2023 hukumomin kula da ingancin abinci na Birtaniya suka fitar da shawara cewa masu ciki da masu raunin garkuwar jiki, kamar masu ciwon daji ko ciwon suga ko ciwon hanta da ƙoda, su guji kifi mai hayaƙin sanyi sai in an dafa shi ya yi zafi har cikinsa yana tururi. Tsofaffi ma a kula da su.

To kun ga, ɗora shi a kan dankali mai zafi ɗumi kawai yake yi, bai dahu ba. Haka faten Anti 'Yar Jos, in akwai mai lalura a gidan, a tabbatar kifin ya ɗau zafi sosai kafin a sauke. Na Ɗiyar Damagaram shi ne hankali kwance, minti 40 a oben ba wasa ba ne.

Amarya, ban ce komai ba fa, amma ki yi na oben ɗin.

Amaryar Gilasgo: Kai Anti! 🙈

Maman 'Yan Biyu: Ato, mu dai muna jiran goron suna.

Anti Nas: Sannan in an buɗe leda, a bi abin da aka rubuta a jikinta, yawanci kwana biyu ne. Firij kuma kada ya wuce digiri 5.

Hajiya Babba: Allah ya saka da alheri, Anti Nas. Tunda an zo maganar karanta leda, ga wata. Ku da ke Sikotlan musamman, ku riƙa duba kayan haɗi. Kifi halal ne, ba a yanka shi, shi ya sa mutane ke ɗauka ido rufe. Amma akwai wanda ake jiƙawa da giya, wiski ko jin, kafin a sa shi a hayaƙi, kuma ya fi yawa a kantuna lokacin Kirsimeti. Sukan rubuta ɓaro-ɓaro a gaban ledar don abin talla ne a wajensu. Na asali kifi ne da gishiri, wani lokaci da ɗan suga, shi ke nan.

Amaryar Gilasgo: Na juya ledojin biyu, kifi da gishiri da suga ne kawai, alhamdu lillahi.

Maman 'Yan Biyu: Bari in ba da tawa kafin a tashi, don ita ce ke fid da ni ranar makaranta. In dakakken dankali ya kwana, kamar rabin kilo, sai in marmasa gunduwar kifin nan giram 200 a ciki, da lawashi da attaruhu guda da na jajjaga. In mulmula, in ɗan danne su yi faɗi, in sa a firij rabin awa. Wannan sanyin shi ke hana su watsewa a mai. Sai fulawa, ruwan ƙwai, garin busasshen burodi, a soya sama-sama a mai kaɗan. Sharaɗi ɗaya: dankalin ya zama busasshe. In kin tsane shi ki mayar tukunya kan wuta minti ɗaya tururin ya fita, kuma kada ki sa masa madara.

'Yar Jos: Wannan kam ba manja, na yarda da shi.

Ɗalibin Bergen: Hajiya, miyar nan ta Sikotlan mai madara da dankali, ita ma da salmon ake yi?

Hajiya Babba: Cullen skink kake nufi. A'a, da wani farin kifi mai hayaƙi ake yin ta, haddock, kuma sunan wani ƙaramin gari ne na bakin teku a arewa maso gabashin ƙasar, Cullen. Amma na sha yin ta da gunduwar salmon in shi ne a gida. Albasa a bota, dankali da ruwa kaɗan, in ya nuna ka farfasa rabinsa ya yi kauri, ka zuba madara, kada ka bari ta tafasa da ƙarfi, kifi a ƙarshe. Ranar da ake sanyin nan mai shiga ƙashi, da burodi, ba ka neman wani abu.

Amaryar Gilasgo: Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya bar zumunci. Yau na oben zan yi, gobe fate da gunduwar. Anti ta Suwidin, madarar gari za ta yi? Ta ruwan ta ƙare.

Ɗiyar Damagaram: Za ta yi, in dai mai maiƙo ce ba wadda aka cire wa mai ba. Ki dama ta da ruwan ɗumi, ki bari ta huce kafin ki fasa ƙwai a ciki. Kuma ki duba gwangwanin, kada ta zama mai suga.