Na fara gyaran gidan gadonmu don mu sayar, an shafa mana jan fenti

Ɗan Marigayi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, yau kwana uku rabona da barcin kirki.

Gidan mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, a Gyaɗi-Gyaɗi, Kano. A 1984 ya fara gina shi, lokacin yana aikin masaƙa a Bompai, kuma a hankali ya yi, in albashi ya zo a sayi bulo ɗari a ajiye. Ɗakuna biyun farko na ƙasa ne, daga baya ya yi musu filasta. Sauran ukun da zauren na bulo ne. Akwai darbejiya a tsakar gida, ranar sunana ya dasa ta, a ƙarƙashinta duk muka yi karatun allo. Bara ya rasu, ya bar mu takwas da iyayenmu mata biyu. Gida ba zai rabu ba, aka tsaya a kan a sayar.

Dillalai suka zo, wani ya ƙwanƙwasa bango da makullin motarsa ya ce ai wannan kango ne, fili kawai za a saya. Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Na ciri miliyan 4 daga jarina na sa aiki. An sauya kwano, an ɓamɓare tsohon silin, an fasa bangon zaure za a fitar da shaguna biyu, muka ɗan ci gaba zuwa kan dakali. Magini ya ce in an zuba dekin a saman shagunan aka ɗora ɗaki ɗaya, kuɗin gidan zai tashi sosai. Ranar Talata na zo na tarar da jan fenti a bango, an rubuta a dakata da aiki. Siminti buhu 40 na jibge a zaure, ga damina ta kawo kai. In ci gaba ne ko yaya?

Alhajin Filaye:
Wa alaikumus salam. Ɗana, shekarata ashirin da wani abu ina harkar gidaje, bari in gaya maka abin da ba ka son ji. Dillalin nan bai zage ka ba. Duk mai kuɗin sayen gida a wannan unguwa, ranar da ya biya, washegari zai turo a rushe. Sabon kwanon naka a Kasuwar Ƙofar Ruwa zai ƙare. Ka tsayar da komai, ka sayar da simintin, ka sa gidan a kasuwa yadda yake.

Injiniya:
Malam, abu biyu ne suka dame ni, kuma jan fentin ba shi ne babba ba. Sauya kwano da fenti gyara ne. Amma fasa bango, mayar da zaure shago da ɗora bene, duk suna buƙatar zane da izinin hukumar tsara birane kafin a taɓa. Dakalin da ka ce kun ci, akwai yiwuwar ba cikin filinku yake ba, gefen hanya ne ko hanyar kwata.

Babban shi ne dekin. Harsashin da aka haƙa don ɗaukar bulo da kwano ba a yi shi don ɗaukar kankare da rodi da wani ɗaki ba. Sai an tona gefe an ga zurfinsa da faɗinsa, kuma injiniya mai rajistar COREN, wato hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, zai duba, ba magini ba. Ƙasar nan tana da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, rashin binsa ne ke sa muke jin bene ya rufta da mutane. Sannan silin ɗin da aka ɓamɓare, in irin fale-falen asbestos ɗin nan ne na da, ƙurarsa na lalata huhu. A jiƙa tarkacen da ruwa kafin a kwashe, kar yara su yi wasa a kai.

Ɗan Marigayi:
Na gode Injiniya. Amma maginin nan shekararsa talatin yana aiki, shi ya gina rabin layinmu. Kuma maƙwabcinmu ya fitar da shaguna uku, har ya fi mu cin hanya, ba wanda ya ce masa kanzil.

Maman Biyu:
Ni tambayata ɗaya ce, ƙannenka mata sun san ka zuba kuɗin nan? Haka yayanmu ya yi mana. Ya ce zai gyara gidan Babanmu, ba shawara ba komai, da aka sayar ya zo da wata takarda duk ta yamutse wai ya kashe kaza, sai an cire masa kafin a raba. Mahaifiyarmu da tumunin takaba kawai za ta samu, a ciki ma aka rage. Yau shekara shida ba ya shiga gidana, ko da na haihu matarsa ya aiko da turmin atamfa. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Ɗan Marigayi:
Hajiya, ni ba haka nake ba. Don su na yi. Ni ne babba namiji, ai ba sai na tara taro a kan kowane buhun siminti ba.

Alhajin Filaye:
Ka ji ko? Hajiya ta faɗa maka ƙarshen labarinka tun yanzu. Kai kuma Injiniya, da girmanka, zane da izini wata nawa za su ci? Kuɗin wa? Yaro na neman fita ka ƙara tura shi ciki. Abin da ke sayar da gida takarda ce. Wace takarda ke hannunku, shaidar mallaka ta gwamnati ko ta ciniki mai sa hannun mai unguwa? In ta gwamnati ce, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna za a mayar da ita sunan wani, kuma tunda da sunan mamaci take sai kun haɗa da takardar kotu ta rabon gado. Nan ya kamata miliyan huɗun ta tafi. Tun rushe-rushen 2023 masu saye a Kano sun zama kamar wanda maciji ya sara, ko igiya suka gani sai su ja baya. Gida mai jan fenti a goshi, wa zai taya?

Na Bakin Kasuwa:
Ni dai a layinmu farin fenti ake samu a shafe, a ƙarasa aikin da daddare.

Injiniya:
Kar ka soma. Shafe alamar laifi ne a kan laifi. Ka je ofishin hukumar tsara biranen da takardun gidan ka ji me suke so. Alhaji, a kan takarda na yarda da kai, amma zauren a buɗe yake yanzu, ba lintal. Ko sayarwa za a yi sai an tokare shi, kar ya faɗo wa mai zuwa gani.

Maman Biyu:
Har yanzu bai ce sun sani ba fa.

Ɗan Marigayi:
Takardun suna akwatin Baba a ɗakin Umma, zan duba in ta dawo daga Wudil. Shagunan kam ba zan iya barinsu haka ba, an riga an fasa, kuma na ba magini rabin kuɗin aiki. Dekin ɗin ne zan ɗan jinkirta. Akwai wanda ya san yadda ake ajiye siminti kar ya daskare?

Alhajin Filaye:
Ka ɗora shi a kan katako, nesa da bango, ka rufe da leda. Filin ƙafa nawa ne, kuma yana kallon titi ko lungu? Ina da mutum.